Shuɗin Hawayen Motar Baba

A Kabo akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Ita ce ƙarama a gidansu, don haka kowa Auta yake ce mata. Babanta, Malam Zechariah, malamin firamare ne. Daga Filato ya zo tun ba a haife ta ba. Tana da yaya guda ɗaya, Keziah. Mamarsu kuwa, Allah sarki, bara da damina ta rasu.

Tun daga lokacin gidan ya yi shiru. Baba ya rage dariya. Keziah ta rage waƙa in tana girki.

Kafin Mama ta kwanta ciwo, ta sayi farin yadi ta ajiye a ƙasan akwati. Ta ce, "Wannan na Keziah ne. Ranar da za ta fara aikin asibiti, shi za ta sa." To, ga ranar ta matso. Keziah ta gama makarantar koyon aikin lafiya. Ran Litinin za ta fara aiki a wani ƙaramin asibiti wajen Masanawa. Yadin yana hannun tela a Gwarzo ana ɗinka mata riga, ran Asabar za a karɓo.

Baba yana da wata 'yar tsohuwar mota fara. Irin gajerun nan ce, waɗanda ƙofar but ɗinsu, wato wurin ajiye kaya, da gilashin baya tare suke ɗagawa. A saman gilashin akwai wani ɗan baki, bai fi ƙwayar wake ba. Ta nan ruwa yake fesowa, waifa ta goge datti.

Ɗan bakin nan ya daɗe yana yoyo. Ko motar a tsaye take, sai ka ga ɗis, ɗis, ruwa yana gangarowa.

"Motar nan mura take yi," in ji Baba. "Zan kai ta wurin Hambali bakanike."

Haka yake faɗa kowane sati, kuma bai kai ta ba.

Wanke motar aikin Auta ne, duk safiyar Asabar. Ita ce kuma take zuba ruwa a 'yar tankin wanke gilashi, wadda ke cikin bonet.

Wata rana ta ga motar shugaban makarantarsu tana fesa ruwa shuɗi. Kai, abin ya burge ta! Ta ce a ranta, "Ai wannan bula ce. Mu ma muna da ita a gida."

Ba bula ba ce, ruwan wanke gilashi ne na kanti. Amma ina Auta ta tsaya tambaya?

Ran Asabar ɗin nan da sassafe ta ɗauko ƙullin bular da ake sa wa fararen kaya. Ta juye duka a cikin tankin, ta cika da ruwa, ta motsa da tsinke. So take yi in an je ɗauko rigar, Keziah ta gani ta yi dariya.

Baba ya shiga ya ɗumama motar, ya gwada waifa, ya koma ciki shan shayi. Auta ta zagaya baya da tsummanta. Sai gabanta ya faɗi.

Ɗis, ɗis. Yoyon ya koma shuɗi. Ga shi ya ja layi a kan farin fenti.

Ta goge. Ya sake zubowa. Ta sake gogewa, ya sake zubowa. "Na shiga uku," ta ce. "Yanzu Baba zai gani."

Akwai cingam a bakinta. Ta ciro shi ta liƙe ɗan bakin, ta sa tsinken tsintsiya ta tura shi ciki sosai. Yoyo ya tsaya cak. Auta ta yi ajiyar zuciya, wai ita ta yi dabara.

Suka tafi Gwarzo su uku. Tela ya miƙo rigar a goge, fara tas. Keziah ta riƙe ta, idonta ya ciko.

"Da Mama tana nan," ta ce, sai ta kasa ƙarasawa.

Ba ta yarda a ninke rigar ba, don kada guga ya ɓaci. Ta shimfiɗa jarida a but, ta kwantar da rigar a kai.

A hanyar dawowa hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa. Ruwan sama yana wanke gilashin gaba, na baya kuwa duk laka. Baba ya danna abin fesa ruwa. Aka ji zuuu, amma ba abin da ya fito.

"Ikon Allah," in ji Baba. "Kullum yoyo, yau da nake nema babu."

Ya sake dannawa. Ya ƙara dannawa, ya daɗe yana riƙe. Can sai aka ji wani ɗan ƙara, fat, daga baya. Auta ta ji shi sarai. Ta sunkuyar da kai ta yi shiru.

Da suka iso gida, Keziah ta yi sauri ta ɗaga ƙofar but. Ihun da ta yi har maƙwabta sun ji.

Ruwa shuɗi yana ɗiga daga cikin ƙofar, a kan rigar. Ƙirji, aljihu, hannun dama, duk sun ɓaci. Wani wurin shuɗi, wani wurin har ya yi duhu da dattin mota.

"Rigar Mama! Baba, rigar Mama!"

Inna Marka, tsohuwar da ke katanga ɗaya da su, ta shigo da sauri, mayafi a hannu.

"Lafiya? Subhanallahi! Me ya zuba mata haka?"

"Daga mota ne, Inna," in ji Baba. "Wani maganin inji ne, ina ji. Kada a sa mata sabulu, ban san abin da zai yi wa yadin ba."

Inna Marka ta girgiza kai. "In dattin gida ne, na san makamarsa. Amma kayan mota, ni ban san su ba."

Keziah ta shige ɗaki da rigar a ƙirjinta. Aka yi abincin rana, ba wanda ya ci. Baba ya zauna a baranda ya zuba tagumi. Ruwa yana ta yayyafi.

Auta ta leƙa ɗaki. Ta ga yayarta a zaune a bakin gado, tana shafa kwalar rigar, hawaye na zuba. Ta so ta yi magana. Sai ta ja da baya. Tsoro take ji, kunya take ji, kuma tausayin yayarta kamar ya kashe ta.

Bayan la'asar Baba ya kira Malam Hambali a waya. Shi ne ya zo gida makon jiya ya canza wa motar mai, amma Baba ya manta da maganar yoyon. Ya zo a babur, rigarsa a jiƙe.

"Sannu da gida, Malam. Ya ruwa? Ya yaran?"

Baba bai amsa gaisuwar da kyau ba. Ya nuna but. "Hambali, me ka zuba mini a mota?"

"Ni? Mai kawai na canza."

"In ba kai ba, waye? Wa yake taɓa motar nan? Ka ɓata mini abin da ba zan iya mayarwa ba!"

Fuskar Malam Hambali ta canza. "Haba Malam. Shekara bakwai ina yi maka aiki. Yau ni kake faɗa wa haka?"

Nan fa Auta ta kasa daurewa. Ta fito daga bayan ƙofa.

"Baba, ni ce."

Kowa ya juyo.

"Ni na zuba bula a tankin. Da ta fara yoyo, na toshe bakin da cingam. Ba Malam Hambali ba ne." Sai ta fashe da kuka.

Kafin Baba ya buɗe baki, Inna Marka ta tafa hannu.

"Bula? Bular wanki? Ke 'yar nan, Allah ya shirye ki! Ai da tun ɗazu kin faɗa! Maza, tsallaka gidana ki tsinko lemon tsami. Ki ciko ƙwarya."

Auta ta ruga. Ƙayar bishiyar ta karce mata hannu, ba ta ma kula ba. Ita ta yanka lemon, ita ta matse su duka. Ruwan ya shiga karcen, zafi kamar barkono. Ta ci gaba da matsa.

Inna Marka ta jiƙa rigar a ruwan lemon. Ta bari ta ɗan jima, ta ɗauraye, ta sake jiƙawa. Keziah tana tsaye a kanta, ta riƙe baki. A hankali shuɗin ya fara gudu. Sau huɗu aka yi, sannan aka wanke da sabulu. Inna ta ɗaga rigar sama.

Fara tas! Sai wani ɗan ɗigo da ya rage a cikin aljihu, inda ba mai gani.

A waje kuma Malam Hambali ya buɗe murfin cikin ƙofar but. Ya kira Auta.

"Zo ki gani, bakanikiya. Kin ga wannan siririn tiyo? Shi yake kawo ruwa daga gaba. Da kika toshe bakin, ruwa ya rasa hanya, sai ya fizge tiyon ya zuba a ciki."

Ya mayar da tiyon, ya ɗaure shi. Ya sa allura ya zaƙulo cingam ɗin. Ya wanke tankin har ruwan ya fito garau. Sannan ya ciro wata 'yar roba daga jikin tiyon.

"Wannan ce take tare ruwa kada ya yi yoyo. Ta tsufa, shi ke nan ciwon." Ya sa sabuwa. Baba ya danna, ruwa ya feso, ya tsaya. Ko ɗigo ɗaya bai biyo baya ba.

Auta ta durƙusa. "Malam Hambali, ka yi haƙuri. Saboda ni aka yi maka faɗa."

"Ba komai, 'yata. Tashi."

Baba ma ya kama hannunsa. "Hambali, ka yafe mini. Na yi maka magana ban bincika ba. Kuma da na kawo motar tun farko, da duk haka ba ta faru ba."

Sai ya juya ga Auta. "Zuba bular kuskure ne, kowa yana kuskure. Amma ɓoyewar ce ta ɓata rigar. Shirun da kika yi kuma ya sa yayarki ta wuni tana kuka. Kin gane?"

"Na gane, Baba."

Ran Litinin da safe Keziah ta fito cikin farar rigarta. Baba ya dube ta, ya dube ta, ya share ido. Sai kuma ya yi dariya, irin wadda aka daɗe ba a ji ba a gidan.

Auta ta matso a hankali. "Yaya, ɗigon nan na aljihu fa?"

Keziah ta rungume ta. "Bar shi. Yadin na Mama ne, ɗigon naki ne. Da ku biyu zan tafi aiki."

Daga ranar Auta ta riƙe darasi biyu. Abin da ba ta sani ba, sai ta tambaya kafin ta taɓa. In kuma ta yi kuskure, nan take take faɗa. Ta gane cewa laifin da aka ɓoye ƙaruwa yake yi, wanda aka faɗa da wuri kuwa ana samun gyaransa.