Sunan Ɗan Fari

A can wani zamani, an yi wata tsohuwa da ɗanta na fari ya tafi ƙasar Turawa, ya daɗe bai dawo ba. Kullum tana kewarsa. Wata rana ya aiko mata da 'yarsa, wadda ba ta jin Hausa.

Kalma ɗaya tsohuwa ta riƙe daga bakin jikarta, wato "filis", kalmar magiya ta Turawa. Da filis yarinya take roƙon ruwa, da filis take ƙin tuwo, da filis take kuka. Kwana ya tafi, yarinya ta daina cin abinci, ta fara ramewa.

Aka kira malamar makaranta mai jin Turanci ta tambayi yarinya dalili. Malama ta ce, "Iya, cewa ta yi nan ba gidan babanta ba ne, tunda ba ta taɓa jin kin ambaci sunansa ba."

Tsohuwa ta ce, "Ke ma dai, malama. Wace uwa ce ke faɗin sunan ɗan fari? Ai da kunya."

Yarinya ta kama bakin zanen tsohuwa, ta ce, "Filis."

Tsohuwa ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Hashimu." Ta sake faɗa, ta sake faɗa, har hawaye suka zubo mata. Yarinya ta jawo kwanon tuwo tsakaninsu.