Abin da Ya Rage a Zaren Samarin Karantina

Ranar Asabar da hantsi, a 1973, a unguwar Karantina ta birnin Jidda, Abdulghani mawaƙi ya ɗora zaren rikoda don ya yi masa jin ƙarshe, kafin a kai shi Beirut a buga faifai. Waƙoƙi shida na ƙungiyarsu, Samarin Karantina, da jitar lantarki da gangunan Turawa, aikin wata huɗu. Babu ko ɗaya. Wani ya danna maɓallin ɗauka ya shafe su.

Unguwa ta ce aljanu ne. Larai, mai gidan da ta ba su ɗaki, ta ce ba ta taɓa jin aljanin da ya iya maɓalli ba. Ta tara ukun da ke da mabuɗi ban da Abdulghani.

"Hamad, jiya kana ina?"

"Tashar jirgin ruwa, ya Hajja, har magariba," in ji sabon mai gangar. "Tambayi kafilina, ubangidan da nake wa aiki."

Ta juya ga Abdulghaffar mai jita, wanda kowa ya san yana ƙyashin Abdulghani.

"Muryarsa kamar ta akuya, na faɗa zan ƙara. Amma jitata na ciki. In shafe kaina?"

Saura Na'ibi mai kalangu, jikan makaɗan mahauta, wanda aka ajiye ranar da Hamad ya zo.

"Ina masallaci tun azahar, Inna."

"Juya zaren," Larai ta ce wa Abdulghani. "Ƙara murya."

"Halas, shi ke nan, babu komai a ciki."

"Yalla, maza juya."

Daga zaren sai ga ƙarar fanka. Kiran sallar la'asar daga nesa. Can sai yatsu a kan tebur, a hankali, suna bugawa suna yankewa.

Larai ta san kiɗan. Da shi ake tashin mahauta a Kano tana yarinya.

"Mai shafewa ya bar makirfo a jone," ta ce. "Dole ya zauna rabin awa har zare ya ƙare. Bakinsa ya kame, amma hannun makaɗi bai iya zaman banza ba. Hamad haifaffen Jidda ne, ina ya ji kiɗan mahauta?"

Na'ibi ya tura hannuwansa cikin aljihu.

"Ni na koya musu ƙirgen kiɗa, Inna. Waƙa shida, ko bugu ɗaya ba su bar mini ba."

"To ga shi," in ji Larai. "Zaren duka naka ne yanzu, kai kaɗai ke ciki."

Da yamma jirgin Beirut ya tashi babu zaren.