Agogo a Bakin Kogon Tsamiya

Lurwanu mai buga takardu a Karaye ya cika fuskar kwamfutarsa da tarkace: agogo, kalanda, har da abin da zai gaya masa ko za a yi ruwa, sai ka ce ba shi da ido. Don tsabar wauta, hoton tsamiyar ƙauyen Fulatan, wadda ko awaki ba sa kwanciya ƙarƙashinta, ya shimfiɗa a bayansu.

Ina shagonsa ana kiran magariba, wani tsoho ya shigo ba sallama. Warin ɗanyen ganye ya cika ɗakin.

Ya ce, "Kai yaro, kwana uku iyalina ba su fita ba. Janye agogonka daga ƙofata."

Lurwanu ya yi dariya, ya ja agogon gefe. Kogon tsamiyar ya bayyana, cike da idanu, suna ƙiftawa.