Sabon Fasfon Sagiru

Mawada na durƙushe a kicin tana ɓamɓaro kisra, gurasar mutanen Sudan, daga kan kasko sai ta ji sallamar Sagiru, yana haki, don da gudu ya hawo bene biyar ɗin gidansu na Ard al-Liwa. Ɗan Gusau ne, karatu ya kawo shi Alƙahira, saura shekara ɗaya ya karɓi digirinsa. Amma in ka tambayi ɗaliban Afirka wane ne Sagiru, babu mai ce maka ya iya nahawu. Cewa za su yi, "Af, mai lamba tara? Wanda ƙafarsa ta hagu ba ta da tausayi?" Iyaye sun riga sun yi magana: da ya gama karatu za a ɗaura masa aure da Mawada.

Ya durƙusa ya gaida mahaifinta, Malam Ayuba tela, Bahaushen Sudan, wanda ke zaune a bayan keken ɗinkinsa. Bakin Sagiru ya ƙi rufuwa.

"Baba, ejan ɗin da ya kalli gasarmu ta ɗalibai a Ma'adi ya kawo ofa. Kulob a Turai! Kwantiragin shekara uku! Amma sai na tafi kafin ƙarshen Agusta, in an rufe kasuwar 'yan wasa, khalas."

Fatna, mahaifiyar Mawada, ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Ita kuwa Mawada kisrar da ke kan wuta ta ƙone ba ta sani ba.

"Karatun fa?" in ji Malam Ayuba.

"Sai in ajiye, Baba. Aji ko bayan shekara goma zan iya komawa, amma ƙarfin nan yanzu nake da shi."

Tsohon ya gyaɗa kai. "Me kuma ya ce?"

Sagiru ya sosa ƙeya. "Wani ɗan ƙaramin abu ne. Shekarata ashirin da huɗu ta yi musu yawa, sha takwas suke so. Za a yi mini sabon fasfo, a rage shida. To don kada ya yi karo da tsohon, sai an canza sunan mahaifi. Kowa haka yake yi, Baba, shekarun ƙwallo ake ce musu. Yaya Habu ma har ya samo wanda zai yi."

Keken ɗinkin ya tsaya.

"Allah ya ba da sa'a, ɗana. Ka je. Amma Mawada ba za ta bi ka ba."

"Abu Mawada!" Fatna ta dafe ƙirji. "Allah ya buɗe mana ƙofa kai kuma ka sa ƙafa ka rufe? Shekara nawa muke cikin wannan akurkin? A kan takarda? Takarda fa!"

Malam Ayuba ya ci gaba da taka kekensa.

Sati guda gidan ya zama kamar gidan makoki. Fatna ta daina yi wa mijinta magana sai da murfin tukunya. Daga Gusau kuwa Habu, yayan Sagiru, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, kullum sai ya kira. Mawada da kunnenta ta ji muryarsa tana fita daga waya, ranar da Sagiru ya rako ta bakin titin Faisal shiga mota: "A kan 'yar Sudan za ka watsar da arzikin zuriyarmu? Kai, ka dawo hayyacinka!"

Ta tausaya wa Sagiru, ya rame, idonsa ya faɗa. Kuma ba ta ga laifin Habu ba, mutum ne mai iyali da ƙanne a wuyansa. Mahaifinta kawai take jin haushi. Ranar Juma'a ta kasa daurewa, ta durƙusa a gabansa tana kuka.

"Yaba, me Sagiru ya yi maka? Sata ya yi? In ya tafi ya bar ni, wallahi kai ne!"

Ya dube ta. Sannan ya ce ta kira masa yaron.

Bayan la'asar suka zauna su huɗu. Malam Ayuba ya cire tabaransa ya ajiye.

"Mawada, ya sunana?"

"Ayuba mana, Yaba."

"Sunana Harun."

Ta juya ta kalli mahaifiyarta. Fatna ta sunkuyar da kai, alamar ta sani.

"Lokacin da zan baro Sudan ba ni da takardar zama ɗan ƙasa. Maƙwabcinmu Ayuba ya rasu, aka ce in ɗauki tasa, ai kowa haka yake yi, in na isa Masar sai in gyara. Shekara ashirin da biyu ke nan ban gyara ba, don duk takardar da na samu a kan waccan aka gina ta. Innata ta kwanta ciwo tana kira na. Ta aiko mutum har Alƙahira, ya yi kwana goma yana tambayar Harun tela. A titin nan ya wuce, ta ƙarƙashin tagar nan. Aka ce masa babu Harun a nan." Ya dubi tagar. "Sai bayan wata takwas na ji ta rasu."

Tsohon ya dubi Sagiru.

"Ƙwallo sana'a ce, ban raina ta ba. Ko karatun da za ka ajiye ban hana ba. Amma Muhammadu ya haife ka, ya mutu bai bar maka komai ba sai sunansa. 'Yata tana yawo da sunan mutumin da bai haife ta ba. Ba zan bari jikokina su ma su yi ba."

Mawada ta share hawaye, ta juya. "Yaya Sagiru, ba zan ce ka zauna saboda ni ba, kada wata rana ka tsane ni. Amma ni ɗan Muhammadu na so."

Sagiru ya tashi ya fita. Kwana uku wayarsa a kashe. Mawada ta daina cin abinci, ta saddaƙar ya tafi. A rana ta huɗu saƙo ya shigo: "Na ce wa ejan da sunana da shekaruna, ko a fasa. Ya ce a fasa. Gobe ina da lacca ƙarfe takwas, ki yi mini addu'a."

Kada wani ya ce maka shekarar ta zo da sauƙi. Habu ya daina ɗaga wayarsa. Abokai suka sa masa suna "Dattijo". Wani yaron da ya karɓi gurbin nasa ya riƙa sa hotuna a cikin dusar ƙanƙara, Sagiru ya kalla, Mawada ta ce, "Ma'alish, yi haƙuri," ba ta da abin da ya fi haka.

Ya gama digirinsa a dubu biyu da sha huɗu. Wani ƙaramin kulob a rukuni na biyu, nan cikin Masar, ya ɗauke shi da shekarunsa ashirin da biyar cif. Turai dai bai je ba har yau. Amma ana jibi ɗaurin aure sai ga Habu ya sauka da jakar kilishi, yana ta harare-harare, wai shi ba yafewa ya yi ba, wakilcin ango kawai ya zo yi.

Mawada na bayan labule lokacin da liman ya nemi waliyyin amarya. Masallacin unguwa cike da mutanen da suka shekara ashirin suna kiran mahaifinta Ayuba. Tsohon ya gyara murya, ya ce da ƙarfi yadda na ƙofa ma zai ji:

"Ni, Harun ɗan Idrisu, na ba Sagiru ɗan Muhammadu auren 'yata Mawada."

Kuka ya ƙwace mata, na farin ciki. Haƙurin shekara ɗaya ya ba ta miji da sunansa na gaskiya, ya kuma maido mata da uba. Samari, in an yi muku tayin ɗaukaka, ku fara tambayar abin da za a karɓa a hannunku. In sunan mahaifinku ne, ku bar ta ta wuce.