Kwalaben Baba Meshak

A wani ƙauye kusa da Gidan Waya akwai wata yarinya 'yar aji biyar a firamare. Mahaifinta, Baba Meshak, manomin citta ne. A daminar 1992, ma'aikatan lafiya na Kafanchan suka ɗauke shi wani aiki.

Kwana biyu a kowane mako, yakan tafi bakin rafi tun ƙarfe bakwai na safe. Ya zauna a kan dutse, ya naɗe wandonsa har gwiwa. Da zarar ɗan baƙin ƙuda ya sauka a ƙafarsa, sai ya kifa masa 'yar kwalba ya toshe. Haka zai yi ta yi har rana ta faɗi.

Hanyar makaranta kuwa ta bakin rafin ta bi. Wata ranar Talata, yara suna komawa gida, suka hango shi. Suka tsaya suna kallo, suna dariya. Wani yaro mai suna Luke ya ce wai baban yarinyar ya bar gona ya koma farautar ƙuda, wataƙila shi za su ci da tuwo.

Yarinyar ta sunkuyar da kai ta wuce. Baba Meshak ya ɗaga mata hannu, ta yi kamar ba ta gan shi ba.

Da yamma ya dawo gida. Ya naɗe kwalaben a cikin jiƙaƙƙen tsumma, ya ajiye kusa da randa, ya tafi wanka. Yarinyar ta yi tunani a ranta. Idan aka zo karɓa aka ga babu komai, za a sallame shi. Zai koma gona kamar iyayen kowa, dariya ta ƙare.

Ta kwashi kwalaben ta zagaya bayan rumbu. Ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ƙudajen suka tashi suka ɓace. Ta toshe kwalaben, ta mayar cikin tsumma.

Washegari da sassafe Oga Gilbert, jami'in lafiya, ya iso a kan babur. Ya warware tsumman, ya ɗaga kwalba ɗaya, ya ɗaga ta biyu. Fuskarsa ta canza. Ya tambayi Baba Meshak ko da gaske ya je rafi jiya. Ya ce ana jiran ƙudajen a ɗakin gwaji. Idan babu shaida cewa suna ɗauke da cuta, wasu ƙauyuka za a fara kai wa magani, nasu ya jira wata shekara.

Baba Meshak bai yi gardama ba. Ya dubi kwalaben ya ce, "Oga, na je. Yadda aka yi ban sani ba. Amma a hannuna suke, laifina ne. A ba ni dama in sake."

Yarinyar tana tsaye a bakin ƙofa da jakar makaranta. Ta ga mahaifinta, wanda bai taɓa yin ƙarya ba, ana yi masa kallon maƙaryaci. Hawaye suka zubo mata.

"Baba, ni ce na buɗe su," in ji ta.

Ta faɗi duk abin da ya faru, har da dariyar yara. Oga Gilbert ya nemi gafarar Baba Meshak, ya ce zai dawo ran Asabar.

Baba Meshak bai ɗauki bulala ba. Ya kama hannun 'yarsa, ya kai ta ɗakin Iya, mahaifiyarsa. Iya makauniya ce. Tun da yarinyar ta yi wayo, da sanda ta san ta.

"Iya, gaya mata yadda idonki ya tafi," in ji shi.

Iya ta ce a dā ita ce gwanar kamun kifi a cikin matan ƙauyen. Kullum tana bakin rafi, ƙudaje suna cizonta, ba ta ɗauke su a bakin komai ba. Sai ƙaiƙayi ya fara, irin wanda har da dutse take sosawa. Bayan shekaru, ganinta ya dinga dusashewa har ya ɗauke.

"Ban taɓa ganin fuskarki ba, jikata," in ji Iya. "Da hannu kawai na san ki."

Baba Meshak ya ce wani lokaci ƙudan yana ɗauke da tsutsa wadda ido ba ya iya gani. Ita ce ke shiga jikin mutum idan ya cije shi, ta kawo ƙaiƙayi da makanta. Shi ya sa ake kama su da rai, a kai a duba.

"Baba, kai ba ka tsoron su cije ka?"

"Ina tsoro, 'yata. Shi ya sa nake saurin riga su. Amma dole wani ya zauna a wurin."

Ya sake zaman kwana biyu cur, ciyawa kuwa tana cin gonar cittarsa. A rana ta biyu, da aka tashi makaranta, yarinyar ta kai masa abinci. Ya sa ta rufe ƙafafunta da zane, ta zauna daga nesa.

A nan ta ga aikin da kyau. Mahaifinta ba ya motsi, idonsa na kan ƙafarsa. Ƙuda na sauka, kafin ya ciza, kwalba ta rufe shi. Duk awa ɗaya sai ya duba agogo ya rubuta a takarda. Ruwa ya sauko, ya ja leda ya rufe takardar, shi kuma ya jiƙe. Bai tashi ba sai da lokaci ya cika.

Ranar Litinin ta roƙi malamarsu, Malama Emilia, ta bar ta ta yi wa aji bayani. Ta faɗi laifinta, ta faɗi labarin Iya. Yara da yawa a ajin suna da makaho a gida.

Bayan wata uku, Fasto ya yi sanarwa a coci bayan sujada cewa magani ya iso ƙauyen. Jama'a suka yi layi a filin makaranta, aka ba su ƙwayoyi. Idon Iya bai dawo ba, amma ƙaiƙayinta ya lafa, ta samu barci. Oga Gilbert ya kira Baba Meshak gaban mutane ya yi masa godiya.

Da suna komawa gida, yarinyar ta riƙe hannun mahaifinta. Daga ranar ta koyi darasi biyu. Kada ka ɓata abin da ba ka san amfaninsa ba, ka fara tambaya tukuna. Kuma duk aikin da ke kare lafiyar jama'a aiki ne mai daraja, ko da mutane sun yi masa dariya.