Fitilar Lungun Kicin

Injiniya ba injiniya ba ne. Tela ne, maƙwabta suka laƙaba masa sunan don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu. Da ya rufe shago sai ya zauna kan wayoyi da batura. Fankar falonsa sai an tafa mata take juyawa. Matarsa, wadda kowa ke kira Mama, ta gaji da tsintar ƙusoshi a kan gado.

Akwai wani lungu tsakanin kicin da katanga, inda ake jibge tsofaffin bokitai. Tun da suka tare a gidan rana ba ta taɓa leƙa shi ba. Nan Injiniya ya kafa sabuwar fitilarsa, irin wadda ke kunna kanta in an gifta.

Da magaribar ranar Mama na kwashe shanya. Iska ta tsaya cak. Kajin maƙwabta ma sun yi tsit. Sai fitilar ta kama, fari fat, babu kowa a lungun. Ta mutu. Ta sake kamawa. Sannan dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki, ya gangaro a hankali, ya tsaya a gaban ƙafarta. Da ta taɓa shi, da ɗuminsa.

"Ɓera ne," in ji Injiniya.

"Ɓeran ne ke jifa?"

"Ke dai ba ki san kan na'ura ba."

Washegari ya ƙara wa fitilar haske, ya haɗa mata ƙararrawa, wai don ya kama ɗan iskan da ke masa wasa da hankali. Jifa ya ƙaru. Kwana na uku, yana zaune a falo, suka ji muryarsa daga lungu, har da ɗan tarin da yake yi kafin magana: "Miƙo min sukudireba!" Kafin su farfaɗo sai ga muryar Mama sak: "Mutumin nan wata rana sai ya babbake mu da gidan." Ƙanwarta kaɗai ta taɓa faɗa wa haka, a waya, cikin raɗa. Injiniya ya dube ta, ya ture kwanon abincinsa. Daga ranar ko gaisuwarta ba ya amsawa.

Rana ta huɗu Auta, 'yarsu mai shekara goma sha biyu, ta shiga lungun ɗauko bokiti. Fitila ta kama, ƙararrawa ta ɗauka, yarinya ta kurma ihu. Mama ta same ta a tsugune, idanu a buɗe tar, tana lalube.

"Mama, wa ya kashe wuta?"

A asibiti aka haska, aka duba, aka ce ido lafiya lau. Mama ba ta nemi shawarar kowa ba, ta yafa mayafi ta ɗauko wani tsohon malami mai ruƙiyya. Injiniya ya amsa sallamarsa a daƙile.

Rana ta yi ja lokacin da Malam ya zauna a tsakar gida ya fara karatu. Ya daɗe. Inuwar katanga ta rarrafo har ta rufe tabarmar. Can sai Auta ta miƙe zaune, ta tanƙwashe ƙafa kamar babbar mace, ta yi wani tsaki da ba na yara ba.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Wadda ta riga su zama." Muryar a dishe take, mai nauyi. "Tun ba a aza tubali ba nake lungun nan. Na taɓa fasa musu ko cokali?"

"Me yarinya ta yi miki?"

"Tambayi ubanta. Kwanana tara da haihuwa. Ko juyi na yi, tsinanniyar nan ta watsa wa jaririna wuta a fuska, ga kururuwa. Idonsa ya kumbura, ya ƙi buɗuwa." Ta juya makafin idanun kan Injiniya, ta yi ɗan tarinsa, ta ɗauki muryarsa: "Ku zo ku gani, da kanta take kunnawa!" Ta koma tata. "To na gani. Na ɗauki idon tasa 'yar, mu yi raba daidai."

Mama ta dafa bango.

"Ba yarinyar ce ta kafa ba," in ji Malam. "Zalunci ne, kin sani."

"To a ba ni hannun da ya kafa."

"Ba za a ba ki ba."

"Ido ɗaya. In riƙe ɗaya har nawa ya warke."

Malam ya ɗaga murya da karatu. Jikin Auta ya ɗauki ɓari, ta dinga zagi, ta zagi gidan, ta zagi wanda ya ƙirƙiro batir. Daga bisani ta ce, tana haki, "Ya isa, tsoho! A sauke fitilar in samu hanyar fita. Ba zan ratsa hasken nan da jariri ba."

"Ki rantse."

Ta rantse. Kowa ya dubi Injiniya.

"Malam, ai ana iya rage hasken," ya ce. "Kwana uku na yi ina haɗa..."

"Baban Auta." Mama ba ta ɗaga murya ba. "Idon 'yarka, ko fitilarka?"

Ya jawo tsani. Sau biyu sukudireba na suɓuce masa. Ya tsinke waya, ya zare batir, ya sauko da fitilar rungume a ƙirji kamar gawa.

Auta ta sulale kan cinyar uwarta. Wani sanyi ya ratsa tsakar gidan ya nufi ƙofa. Daidai gaban Injiniya, fitilar da babu waya babu batir ta kama fat, ta mutu. Ta sake kamawa, 'yar ƙyas, kamar an gifta da wani abu ƙarami. Ya sake ta ta tarwatse a ƙasa.

Auta ta ƙyafta ido, ta dubi uwarta.

"Mama, ɗankwalinki a karkace yake."

Har yau lungun na nan da duhunsa. Injiniya ya cika gidan da ƙwayayen lantarki har banɗaki, amma in zai wuce ta nan sai ya rage sauri, ya yi ɗan tarinsa, ya yi sallama.