Maganar da Jelle Ya Kai wa Uwarsa

Marit na tsaye a kicin tana fere dankali, mijinta Jelle kuwa ya ɗare kan teburi yana satar cuku daga faranti, sai ta ajiye wuƙar ta ce, "Jelle, na samu wadda zan je wurinta."

Ya dakata da tauna. "Wurin wa?"

"Mai ba da shawara kan damuwa. Madam Hoekstra sunanta, ofishinta na bayan tashar jirgin ƙasa. Likita ya ce layin asibiti sai bazara, ni kuma ba zan iya jira ba. Da aljihuna zan biya."

Tun da mahaifiyarta ta rasu a hunturun bara Marit ba ta koma daidai ba. Ita ta yi jinyarta har ƙarshe, ita ta rufe mata ido. Marit malamar firamare ce a garin Zwolle, kuma yanzu tana cikin koyarwa sai numfashi ya sarƙe mata, ƙirjinta ya hau dukan uku-uku, ta fice ta bar yara da baki buɗe.

Jelle ya sauko ya rungume ta ta baya. "Kin kyauta wa kanki, masoyiyata. Da ma ni kaina na rasa yadda zan yi da ke."

"Amma ka yi min alkawari," ta ce, ta juyo ta kalle shi cikin ido. "Daga ni sai kai. Ban shirya kowa ya ji ba — musamman Mamanka."

"Haba Marit! Ni ne fa."

Ranar Lahadi aka yi bikin zagayowar ranar haihuwar Tineke, uwar Jelle. An jera kujeru an yi da'ira a falo kamar kullum, 'yan'uwa da maƙwabta kowa da kofinsa da yankan kek ɗin tuffa a cinya. Tineke mace ce mai tsabta da kaifin harshe. Mijinta ya mutu tun Jelle yana sakandare, kuma shi kaɗai ta haifa.

Ta zo zuba wa Marit kofi, sai ta janye butar. "A'a, ke shayi zan kawo miki. An ce kofi na tayar wa masu irin lalurarki."

"Wace lalura?" in ji wata maƙwabciya.

"Au, ba ku ji ba? Ai wurin masu duba ƙwaƙwalwa za ta fara zuwa!" Tineke ta yi 'yar dariya. "Zamani ke nan. Mu da, in an yi maka rasuwa ka yi kuka, ka wanke fuska, ka koma aiki. Yanzu sai an biya baƙuwa kuɗi ta zauna tana jin sirrin gidan mutane."

Marit ta ji fuskarta ta ɗauki zafi. Ta juya wurin Jelle tana jiran ya ce wani abu, ko da kalma ɗaya ce. Jelle ya duƙar da kai yana tsakurar kek da cokali.

Ta miƙe, ta ɗauki rigar ruwanta, ta hau kekenta ta kama hanyar gida. Ruwa na dukan fuskarta, hawaye na bin ruwan.

Da Jelle ya dawo ya same ta a bakin gado. "Sori, Marit, don Allah ki saurare ni. Tambayata ta yi me ya sa kika rame, maganar ta suɓuce min."

"Suɓucewa? A gabanka ta tsiraita ni, kana cin kek!"

"Kin san halin Mama, ba da mugunta take..."

"Na san halinta. Naka ne ban sani ba."

Ranar Laraba ta tafi zamanta na farko. Ta daɗe a ƙofar kafin ta danna ƙararrawa, har sau biyu tana juyawa za ta koma. Madam Hoekstra ta buɗe mata, dattijuwa mai furfura da tabarau a rataye a wuya. Ɗakin ƙarami ne, kujeru biyu suna kallon juna, da taga mai kallon magudanar ruwa.

"Zauna inda ya yi miki," in ji ta. "Duk abin da kika faɗa a nan, nan zai tsaya. Amma kafin mu fara akwai abin da ya kamata ki sani, don ba na son in fara da ke da ɓoye-ɓoye. Jiya wata mata ta bugo min waya, ta ce ita surukarki ce."

Marit ta ji kamar an zare kujerar daga ƙarƙashinta. "Me... me ta ce?"

"Ta ce ɗanta na son haihuwa, tana so in gaya mata ko mace mai irin halinki za ta iya riƙon jariri. Na ce mata ba na tabbatar wa kowa ko na san wani ko ban san shi ba, na kashe wayar."

A falon Tineke ba a ambaci suna ba. Mutum ɗaya ne tak a duniya Marit ta gaya wa sunan Madam Hoekstra. Ashe ba suɓutar baki ba ce. Zama ya yi ya ba da labari, har da suna, har da inda ofishin yake.

Sai kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ta yi ba ko ranar jana'iza. Madam Hoekstra ba ta ce mata ta yi haƙuri ba, ba ta ce ta daina ba. Ta dai tura mata kwalin tishu ta jira.

"Na zo ne in yi maganar Mamata," Marit ta ce da kyar. "Ga shi ko bakin maganar ban kai ba, an riga an yanke min hukunci."

"Maganar Mamanki na nan, ba inda za ta. Yau mu fara da abin da ya fi ƙona ki."

"Ki gaya min, in rabu da shi?"

"Wannan ba nawa ba ne. Abin da zan ce kawai, kada ki yanke shawarar rayuwa a ranar da aka yanke ki."

Ran nan Marit ta haɗa kaya a jaka ta koma gidan yayarta Lieke. Ba ta zagi kowa ba, ba ta je ta tari Tineke ba, ko da yake Lieke ta so a je. "Ki bar ni da tsohuwar nan minti biyar kawai!" in ji ta. Marit ta ce a'a.

Jelle ya yi ta bugo waya ba a ɗauka. Ranar Asabar ya zo da kansa. Lieke ta buɗe ƙofa ta kalle shi sama da ƙasa. "Kai kaɗai? Ina Maman? Ko tana mota tana jiran rahoto?"

"Lieke, don Allah."

Marit ta fito. Ya rame, gemu ya tsiro masa. "Ni na ba ta sunan," ya ce, tun ba a tambaye shi ba. "Kuka ta sa min, wai tana tsoron kada ki faɗa hannun 'yar damfara. Marit, tun da Babana ya rasu ban taɓa ce mata a'a ba. In ta yi kuka ji nake kamar ni na kashe shi."

"Ban ce ka daina son uwarka ba, Jelle. Magana ɗaya na ba ka ajiya, a lokacin da ba ni da ƙarfin riƙe ta ni kaɗai. Kai na zaɓa a duk duniya."

"Ki dawo gida, na rantse ba zan sake ba."

"Ka riga ka rantse sau ɗaya," ta ce a hankali, ta rufe ƙofar.

Hunturu ya yi nisa. Duk Laraba Marit na hawa kekenta zuwa bayan tasha. Sannu a hankali suka kai ga maganar mahaifiyarta: yadda ta yi barci a kujerar asibiti na ɗan lokaci, ta farka ta tarar numfashin ya kusa ƙarewa, da yadda take tuhumar kanta tun daga ranar. Wani zaman takan fito da sauƙi, wani kuwa ta fito a jigace kamar ta yi dako. Amma numfashin Marit ya rage sarƙewa, har ta fara kammala darasi ba ta fita ba.

Jelle bai matsa mata ba. Wata rana suka haɗu a bakin kogi, ya ce, "Ni ma na fara zuwa wurin wani mai ba da shawara. Namiji ne, a garin Deventer."

"Mamanka ta sani?"

"Ba ta sani ba. Ke kaɗai na gaya wa."

Marit ta kalle shi. Suna nan zaune wayarsa ta yi ƙara. Tineke ce, muryarta har Marit na ji. "Kana tare da ita ne? Me matar nan da take zuwa wurinta ta ce game da ita? Ka gaya min gaskiya, ni uwarka ce!"

Jelle ya ce, "Mama, ina son ki. Amma wannan tsakanina da matata ne, ba zan gaya miki ba, yau ko gobe. Kuma kin ci mata mutunci a gaban jama'a, ni kuma na yi shiru. Mu biyu duka muna da laifi."

Tineke ta fashe da kuka. Jelle ya rufe ido, hawaye na zubo masa, amma bai janye maganar ba.

Marit ba ta koma gida ranar ba. Sai da furanni suka fara fitowa a lambuna, ta ga sabon halin Jelle ya zauna, sannan ta ɗauki jakarta. Tineke ta yi fushi ta ƙaurace musu na wani lokaci. Daga baya ta zo wata safiya, ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da tukunyar miyar wake, ta ƙi zama.

"Ban iya irin wannan maganar ba," ta ce, tana kallon ƙasa. "Abin da na yi miki bai dace ba. Tsoro na ji za ki raba ni da shi."

"Ban zo raba ku ba, Tineke. Shigo, miyar za ta huce."

Ba a rana ɗaya suka zama uwa da 'ya ba, kuma Marit ta daɗe kafin ta sake sakin jiki da mijinta kamar da. Amma gidan ya tsaya da ƙafarsa, har ya fi na farko ƙarfi, domin yanzu kowa ya san iyakarsa.

Neman taimako a kan ciwon zuciya ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne mutum ya buɗe maka rauninsa ka ɗauka ka kai wa wani, ko da uwar da ta haife ka ce. Marit ta yi haƙuri, amma ba haƙurin haɗiye wulaƙanci ba: ta riƙe bakinta, ta nemi lafiyarta, ta kuma jira har sai da ta ga tuban a aikace. Shi ya sa ta samu lafiyar, ta samu mijin, ba ta kuma rasa mutuncinta ba.